Duwatsun Hirta Da Sunayensu

Mai karatu, yau za mu leƙa wasu tsibirai da ke can yammacin Sikotland, kimanin kilomita 64 daga tsibirin Uist ta Arewa. A taswira an rubuta St Kilda, amma babu wani waliyyi mai suna Kilda da tarihi ya sani. Mutanen wurin dai Hirta suke kiran babban tsibirinsu.

Su waɗannan mutane ba noma ne ya riƙe su ba, tsuntsayen teku ne da ƙwayayensu. Sai an hau dutse da igiya ake samun abinci, don haka kowane dutse, kowace tsaga da ruwa ke kutsawa, akwai sunanta. Wanda zai je farauta dole ya faɗi takamaiman inda ya nufa, in ba haka ba a ina za a neme shi?

Sunayen ma sun tona asirin waɗanda suka zauna a wurin. Harshen mutanen Galik ne, amma Soay, sunan ɗaya daga cikin tsibiran, kalmar tsofaffin matuƙan jiragen Norwe ce, wato tsibirin tumaki. Haka kalmar geo, da ake kiran kunkuntar tsagar da teku ya ci a jikin dutse, daga bakinsu ta fito. Abin dariya ma shi ne wata maɓulɓula da ake kira Tobar Childa: kalmar farko rijiya ce da Galik, ta biyu kuma ana ganin rijiya ce da harshen Norwe. Rijiyar Rijiya ke nan!

Dutsen da ya fi ɗauke mini hankali shi ne Stac an Armin, Dutsen Jarumi, wanda ya miƙe daga cikin ruwa sama da mita 190 kusa da tsibirin Boreray. A shekarar 1727 aka sauke maza uku da yara takwas a kansa don kama tsuntsaye, da niyyar a dawo a ɗauke su. Sai annoba, wadda aka ce agana ce, ta faɗa wa Hirta, har aka rasa mazan da za su tuƙa kwalekwale. Haka suka ci hunturu a kan tsuran dutse, suna rayuwa da tsuntsaye da kifi, sai a watan Mayun 1728 aka kwaso su, dukkansu da rai. Da suka isa gida suka tarar da akasarin 'yan'uwansu sun mutu.

A shekarar 1927 wani mai safiyo, John Mathieson, ya zagaya tsibiran yana tambayar mutane sunayen wurare yana rubutawa. Ya zo a kan gaɓa, domin ranar 29 ga Agustan 1930 aka kwashe mutum 36 da suka rage zuwa babban yankin Sikotland, bisa roƙonsu.