ƘAGUWA

ƙāguwā (karin sauti: sama-sama-sama) sn., mc., jm. ƙāguwōyī.

1. Halittar ruwa mai taurin ɓawo da ƙafa 10. Biyun gaba kamar awartaki suke, tafiyarta a karkace. Ana gane namiji da siririn murfin ciki, tamata da faffaɗa, inda take rungumar ƙwai. Mis.: ƙaguwa ta dantse shi a yatsa.

2. ~r rafi: mai haƙa rami a gaɓar ruwan daɗi, irin bakin kogin Kubanni da ya raba Tudun Wada da Sabon Garin Zariya. Cin ta ɗanya na sa tsutsar huhu. Sai an dafa.

3. ~r teku: ta ruwan gishiri, kamar ta gaɓar Legas. Mai kiwonta a akwatin gilashi kan sa gishirin teku wajen giram 35 a lita, ba na miya ba, ya jera mata duwatsun ɓuya. In ta yi saɓa jikinta laushi gare shi, kada a taɓa; takan cinye tsohon ɓawon. Maganin kifi mai tagulla kashe ta yake.

Bambanta da ƙā̀guwā (daga fi'ili ƙā̀gu): ɗoki, matsuwa. Mis.: ya ƙagu ya tafi.