Kalmomin Turanci masu nufin wuce iyaka da muhallin da kowacce ta dace

Bahaushe yana da kalma guda, "wuce", wadda yake ɗora wa kaya iri-iri. Farashi ya wuce kima, yaro ya wuce gona da iri, baƙo ya wuce wa'adi, maroƙi ya wuce makaɗi da rawa. Idan ya so bambantawa sai ya ɗauko "haura" ko "zarce" ko "ƙetare". Turanci kuwa ya raba wannan aiki tsakanin kalmomi da dama, kuma abin da ke zaɓar kalmar shi ne irin iyakar da aka wuce: ta adadi ce, ko ta iko, ko ta ƙasa, ko ta lokaci. Ma'aikacin da ke rubuta takarda a sakatariyar Gwadangaji da ke Birnin Kebbi, da ɗan kasuwar da ke sa hannu a yarjejeniyar kai shinkafa kamfanin casa a Argungu, duk suna cin karo da waɗannan kalmomi. Kuskure a cikinsu yakan mai da yabo zargi, wani lokaci ma ya jawo asarar kuɗi.

Exceed: iyakar adadi

Wannan ita ce kalmar da aka fi gani a dokoki da takardun gwamnati. Asalinta daga Latin ne, inda take nufin fita waje. Ana amfani da ita idan akwai adadi ko ma'auni da aka ƙayyade, kamar kuɗi, nauyi, gudu ko kwanaki. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta ƙayyade gudun kilomita 50 a awa a cikin gari, don haka direban da ya haura haka za a ce da shi "he exceeded the speed limit". Sunan laifin a daidaitaccen Turanci shi ne "speeding". Kalmar "overspeeding" da ta yaɗu a Najeriya ana fahimtarta, amma gara a guje ta a takardar hukuma.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ƙara mata "more than" ko "above". Ma'anar fifiko tana cikin kalmar tun asali, saboda haka "exceed more than ten bags" maimaici ne. Daidai shi ne "exceed ten bags".

Ga 'yan kasuwa, abin lura shi ne inda iyakar take tsayawa. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi da suka haura naira miliyan 5, kamfani kuwa miliyan 10, sai ta hanyar banki ko makamancinsa. Kalmar da dokar ta yi amfani da ita "exceeding" ce. Wato dillalin da ya karɓi miliyan 5 cif bai ƙetare doka ba, wanda ya ƙara ko naira ɗaya a kai ya ƙetare. Haka nan "not exceeding 30 days" ya haɗa da rana ta 30 ɗin kanta, alhali "less than 30 days" ya tsaya a 29.

Wajen rubutu, kalmomi uku kacal ne na yau da kullum ke ƙarewa da "ceed": "exceed", "proceed" da "succeed".

Surpass: fifiko abin yabo

"Surpass" ita ce "zarce" ko "kere sa'a". Tana kwatanta mutum da mutum, ko aiki da aiki, kuma galibi yabo take ɗauka. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, ya isa misali. Kifin da ya lashe gasar 2020 a Matan Fada ya kai kilo 78. Idan ana maganar sikeli, sai a ce nauyinsa "exceeded 70 kilograms". Idan ana maganar masuncin da ya kamo shi, sai a ce "he surpassed his rivals". Ba a cewa direba ya "surpass" dokar gudu, domin karya doka ba bajinta ba ce. Jami'in tara haraji da ya haura abin da aka ɗora masa, ana iya rubuta masa kowacce daga cikin biyun, "exceeded his target" ko "surpassed his target".

Overstep da ultra vires: iyakar iko

"Overstep" ita ce mafi kusa da wuce gona da iri. Ana haɗa ta da "authority" ko "bounds" ko "the mark". Akawun da ya sa hannu a takardar da darakta kaɗai ke da hurumin sa wa, "overstepped his authority". Ana iya cewa "exceeded his authority", ma'anar ɗaya ce, kuma ita ce aka fi gani a takardar tuhuma. Abin da ba ya yiwuwa shi ne "surpassed his authority". Haka kuma shugaban sashe da ke son yaba wa na ƙasa da shi, in ya rubuta "he overstepped his duties", to ya shigar da zargi cikin fayil ɗin bawan Allah, alhali nufinsa ya ce ya yi fiye da abin da aka sa shi.

A kotu ana jin "ultra vires", kalmomin Latin masu nufin abin da ya fita daga hurumin da doka ta bayar. Matakin hukuma da alƙali ya bayyana da haka ya zama rusasshe.

Encroach da trespass: iyakar ƙasa

A fadamun Rima, inda gonakin shinkafa ke manne da juna, bambancin waɗannan biyu yana da nauyi. "Encroach" ita ce cin iyaka, wato matsowa sannu a hankali har a haɗiye wani yanki. Manomin da ke tura kunyarsa cikin burtali kowace damina, ko mai shagon da ya fito da rumfarsa kan hanya a babbar kasuwar Birnin Kebbi, shi ne ya yi "encroachment". Harafin da ke bin ta shi ne "on" ko "upon", kamar "encroach on the cattle route". Ana yawan rubuta "encroach into", amma "on" ce aka fi amincewa da ita.

"Trespass" kuwa shiga ce ba da izini ba, ko da sau ɗaya ne, ko da ba a ɗauki komai ba. Ita ma "on" take ɗauka. A ƙarƙashin sashe na 342 na kundin Penal Code na Arewa, shigar tana zama "criminal trespass" ne idan an yi ta da niyyar aikata laifi, ko tsoratarwa, ko cin mutunci, ko muzguna wa mai wurin. Mai rubuta ƙorafi ya kamata ya san wanne yake nufi, domin ɗaya rikicin iyaka ne, ɗayan kuma tuhumar laifi.

Transgress da infringe

"Transgress" ita ce ƙetare haddi. Muhallinta wa'azi ne da maganar tarbiyya, don haka ta yi wa ƙaramin kuskuren ofis nauyi. "Infringe" kuwa ta shafi haƙƙi. Wanda ya zuba shinkafarsa a buhun da ke ɗauke da tambarin wani kamfani, "infringed the trademark".

Dangin "over": ruwa, lokaci da asusu

Idan Gulbin Rima ya cika ya tumbatsa, kamar yadda ya faru a ambaliyar 2010 da ta 2020 wadda ta cinye gonakin shinkafa a Jihar Kebbi, jimlar da ta dace ita ce "the river overflowed its banks". Ba a cewa "overflew" ko "overflown", domin waɗannan na jirgin sama ne da ya ratsa ta saman wani wuri.

"Overstay" ta mutum ce da ya zarce wa'adin zamansa, kamar mai Umara da bizarsa ta ƙare bai dawo ba, ko ma'aikacin da ya "overstayed his leave". "Overdue" siffa ce ta abin da lokacinsa ya yi ba a yi shi ba, kamar bashi ko ƙarin girma. "Overdraw" ita ce cirar fiye da abin da ke cikin asusun banki, sunan abin kuma "overdraft". "Overrun" ta kwangila ce da ta ci kuɗi ko lokaci fiye da yadda aka tsara.

Excess, excessive da exceedingly

Waɗannan uku tushensu ɗaya da "exceed", amma kowacce da aikinta. "Excess" rara ce, kamar "excess luggage" na matafiyi, kuma "in excess of" na nufin fiye da. "Excessive" tana ɗauke da suka, wato abin ya yi yawa har ya ɓaci, kamar "excessive charges" da ake ƙorafi a kai a bankuna. "Exceedingly" kuwa "ƙwarai" kawai take nufi. Wanda ya gode wa shugabansa da "exceedingly generous" ya yaba masa, wanda ya rubuta "excessively generous" ya zarge shi da almubazzaranci. A kuma kula kada a haɗa "excess" da "access", wadda ke nufin damar shiga ko samun abu.

Kafin a zaɓi kalma, tambayar da ta kamata mai rubutu ya yi wa kansa ita ce: iyakar me aka wuce? In adadi ne, "exceed". In abokin gasa ne, "surpass". In iko ne, "overstep" ko "exceed". In gona ce ko fili, "encroach" ko "trespass". In wa'adi ne, "overstay". Idan kuma takardar ta shafi kuɗi ko kotu, ya kyautu a nuna wa lauya ita kafin a sa hannu.