Gawo, Gyaɗa da Gwamnati: Yadda Itatuwa Suka Dawo Gonakin Maraɗi da Damagaram

Gawo itace ne mai bauɗaɗɗen hali. Da damina, lokacin da kowane tsiro ya yi shar, shi sai ya kakkaɓe ganyensa ya tsaya tsirara. Da rani kuma, bayan komai ya bushe, sai ya yi lif da ganye. Manomin Damagaram ya daɗe da sanin ribar wannan hali. Ganyen da ya zube taki ne, inuwa ba ta danne gero tunda babu ita a lokacin noma, 'ya'yansa kuwa abincin awaki da tumaki ne da bazara, sa'ad da ciyawa ta ƙare. Shi ya sa hatsin gindin gawo yakan fi na fili tsayi da cikar zangarniya.

Sarakuna ma sun san haka. Tarihin baka na Damagaram yana cewa a ƙarni na 19, zamanin Sarki Tanimu, duk wanda ya sare gawo ba da izini ba, kansa ne a bakin takobi. Tun a wancan lokaci ke nan mai mulki yana da bakin magana a kan itacen da ke gonar talaka.

Faransawa sun kama Damagaram a 1899, kuma mulkinsu ya sauya fuskar daji ta hanyoyi biyu. Ta farko ita ce zaman lafiya. Kafin zuwansu, yaƙe-yaƙe tsakanin Maraɗi da Katsina sun tattara jama'a kusa da garuruwa masu ganuwa a bakin Gulbin Maraɗi, dajin Baban Rafi kuwa ya zama shamaki tsakanin abokan gaba, ba mai kusantarsa da gatari. Da yaƙi ya lafa, mutane suka bazu, kowa ya sassabe daji ya kafa ƙauye. Ta biyu ita ce haraji, wanda aka ce da kuɗi za a biya. Hanya mafi kusa ta samun kuɗin kuwa ita ce gyaɗa.

Kamfanonin Faransa irin su CFAO da SCOA suka buɗe kantuna, suka kafa sikeli a kasuwannin kaka. Dillalan gida na karɓar jari a hannunsu, su shiga ƙauyuka su tattaro buhuna, kuma a cikin waɗannan dillalai ne aka samu da yawa daga attajiran da daga baya aka sani da Alhazan Maraɗi. Gyaɗar takan bi ta Kano, inda jirgin ƙasa ke kwasarta zuwa Legas. Bayan samun 'yancin kai a 1960, gwamnatin Diori Hamani ta kafa kamfanin SONARA a 1962 ya riƙe cinikin, gyaɗa ta zama babbar hajar da Nijar ke fitarwa waje. Malaman gona suka riƙa koyar da cewa manomin kirki shi ne mai gona fes, wadda aka tumɓuke kututtura domin garmar shanu ta wuce ba tangarɗa. Saurar da a da akan bari ta huta shekaru, sai aka daina barinta.

Doka ma ta taimaka wa gatari, ko da yake ba nufinta ke nan ba. A 1935 Faransa ta kafa dokar gandun daji ga ƙasashen da take mulka a Afirka ta Yamma, ta mayar da daji mallakar gwamnati, ta jera wasu itatuwa da ba a taɓawa sai da takarda. Dokar Nijar ta 1974 ta bi sawun ta Turawa. Manomi ya wayi gari gawon da ke tsakiyar gonar gadonsa ba nasa ba ne: in ya sare reshe, ma'aikacin gandun daji ya ci shi tara. Lissafin talaka bai da wuya. Tsiron da zai girma ya jawo masa masu kaki, gara ya sa masa fartanya tun yana ƙarami. Mai cinikin itacen wuta kuwa yakan yanki takarda a birni, ya tura babbar mota da 'yan sara duk dajin da ya ga dama, mutanen ƙauyen na kallo, ko sisi ba ya shiga aljihunsu.

Sai fari ya zo. Daga 1968 zuwa 1974 damina ta yi ta gardama, dabbobi suka mutu, rumbuna suka ƙare, gwamnatin Diori ta faɗi a hannun soja a watan Afrilun 1974. Cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 ta ƙarasa abin da fari ya bari. Gonaki suka zama fili fetal, iskar farkon damina na binne shuka da yashi, har manomi ya shuka gona ɗaya sau biyu ko uku.

Gwamnatin soja ta Seyni Kunce da masu ba da agaji suka ce maganin abin shi ne dashe. Ranar 3 ga Agusta, ranar bikin 'yanci, ta zama ranar dashen itace. Aka kafa wuraren rainon dashe, aka yi gandayen ƙauye na darbejiya da turare. An ci nasara a wasu wurare, musamman kwarin Majiya a jihar Tawa, inda ƙungiyar CARE ta fara jera layukan darbejiya masu tare iska a 1975. Amma a yawancin wurare dashen bai kai labari ba. Wanda rana ta bari, akuya ta cinye, wanda akuya ta bari, gara ta gama da shi. Gandun da aka ce na kowa ne, ba wanda ya ɗauki tulu ya ba shi ruwa.

Tony Rinaudo, wani masanin noma ɗan Ostareliya da ke aiki da mishan ta SIM a Maraɗi, yana cikin waɗanda dashen ya gajiyar. A 1983, yana kan hanya da mota cike da dashe, ya tsaya rage iskar taya saboda yashi, sai idonsa ya faɗa kan ɗan kurmin da ke gefen hanya. Da ya duba ganyen sai ya gane toho ne daga kututturen itacen da aka sare, saiwarsa na raye a ƙasa. Irinsa kuwa ba iyaka a gonaki, na kalgo da sabara da geza da magarya, kowace shekara suna tohowa, kowace shekara ana sassabe su a ƙone.

Dabarar da ta fito daga nan, wadda aka riƙa kira sassabin zamani, ba ta bukatar ko dala. Manomi zai zaɓi kututture, ya bar rassa kaɗan masu ƙarfi, ya datse sauran, ya kuma rage ƙananan rassan ƙasa domin itacen ya miƙe. Tunda saiwar tsohuwa ce mai zurfi, cikin 'yan shekaru sai ga itace.

Mutane ba su karɓa da gudu ba. Yunwar 1984, wadda 'yan Nijar ke kira El-Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya, ita ta buɗe ƙofa: aka riƙa ba da abinci ga duk wanda ya bar toho a gonarsa, a ƙauyuka kusan 100, har aka raya itatuwa wajen 500,000. Da abincin ya tsaya, aka sare kashi biyu cikin uku. Waɗanda suka bar nasu sun sha dariya, ana ce musu ragwaye masu ƙazamar gona. Ba a daɗe ba matansu suka huta da tafiya mai nisa neman itacen girki, su kuma suka fara kai sanduna kasuwa. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya. A yankin Magarya da Matamaye da Mirya ma ba a jira wani shiri ba, manoma da kansu suka koma rainon gawo kamar yadda kakanninsu suka yi.

Rawar da gwamnati ta taka a nan ta fara ne da sakin hannu. Farashin yuraniyom ya faɗi a shekarun 1980, baitulmali ya bushe, ma'aikatan gandun daji suka rage sintiri, a Maraɗi kuma jami'ai suka amince a sassauta wa masu rainon toho. Daga baya doka ta biyo abin da ke faruwa a gona. Ta 1992 ta kafa kasuwannin itace na karkara, inda ƙungiyar ƙauye ke sara bisa ƙa'ida, ta sayar wa masu motoci, a raba harajin tsakanin ƙauye da ƙaramar hukuma da baitulmali, itacen da aka saro daga dajin da ba shi da tsari kuwa a ɗora masa haraji mafi nauyi. Ƙauyukan gefen Baban Rafi na cikin waɗanda suka samu irin waɗannan kasuwanni. Dokar karkara ta 1993 da sabuwar dokar gandun daji ta 2004 suka ƙara wa manoma da ƙauyuka iko.

Kasuwa ta yi sauran aikin. A Mirya mata na sayar da ganyen kuka buhu-buhu. 'Ya'yan gawo sun zama haja ga masu kiwon turke. A Ɗan Saga, kusa da Agye, an kafa kwamitin tsaron itatuwa da ya haɗa manoma da mata da makiyaya, yana cin ɓarawon itace tara.

Sai a tsakiyar shekarun 2000 duniya ta farga. Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, da Chris Reij ɗan Holan, da Mahamane Larwanou ɗan Nijar, suka gwada hotunan sama na 1975 da na tauraron ɗan'adam, suka kuma taka ƙasa. Ƙiyasinsu ya nuna hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200, da ƙarin hatsi wajen tan 500,000 a shekara. A 2018 Rinaudo ya karɓi lambar yabo ta Right Livelihood, shekara ɗaya da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso.

A watan Yulin 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da doka ta musamman da ta tabbatar wa manomi haƙƙin amfana da itacen da ya raina a gonarsa. Sauran rigingimun sun koma zauren mai gari. Jama'ar ƙasar da ba ta kai miliyan 4 ba a 1960 yau ta haura miliyan 25, gonakin Maraɗi na ƙara tsukewa da kowane rabon gado, makiyayi na bukatar reshe da bazara, birni na bukatar itacen wuta kullum. Matar da mijinta ya yanka wa gayauna, da baƙon da ke noman gonar aro, su ma suna rainon toho, kuma mai gona na iya karɓe abinsa ranar da itacen ya isa sara.