Karatun zane a jami'a: abin da ake koyarwa da inda ake koyon sa

A makarantun boko na Sabon Maci, kamar na sauran garuruwan da ke kan hanyar Maraɗi zuwa Dakwaro, da wuya a rasa yaro guda a aji wanda malam ke kira ya zana taswira a allo. Yawancin irin waɗannan yara suna ƙarewa ne a rubuta allunan shaguna ko yi wa motoci ado, ba tare da sun san zane fanni ne da ake karanta har a samu digiri ba. Ga bayani a kan wannan karatu, domin ɗalibai da iyayensu.

Yadda karatun yake

Ɗalibin zane yana shafe mafi yawan lokacinsa a ɗakin aiki, a tsaye gaban takarda ko ƙyalle. Shekarar farko ta horar da ido ce da hannu. Malam zai ajiye tulu, ƙwarya da kujera a tsakiyar ɗaki, ya ce a zana su da fensir ko gawayi. Da haka ake koyon auna tsawo da faɗi, da gane inda haske ya faɗa da inda inuwa ta kwanta, da dalilin da ya sa abu mai nisa yake ƙanƙancewa a ido.

Daga nan sai launi. Ana farawa da guda 3, ja da ɗorawa da shuɗi, waɗanda ake haɗawa a fitar da kore da ruwan goro da sauransu. Fenti ma iri-iri ne. Na ruwa ba ya son gyara, in an yi kuskure ya zauna. Na mai yana ɗaukar kwanaki kafin ya bushe, don haka ana iya komawa kansa, sai dai ƙurar hunturu tana manne masa. Na akirilik kuwa cikin ƴan mintoci yake bushewa.

Abin da ya fi yi wa sabon ɗalibi nauyi shi ne zaman sharhi: a jingina aikin kowa a bango, malam da ƴan aji su faɗi inda ya yi kyau da inda ya gaza, mai aikin kuma ya kare kansa. A shekarar ƙarshe, ɗalibi yana baje ayyukansa a bainar jama'a, kuma wannan baje koli na cikin abin da ake ba shi maki a kai.

Makarantar Zariya

Tsohuwar makarantar zane mafi suna a ƙasar Hausa tana Zariya. A 1955 aka ɗauko sashen zane na kwalejin fasaha da kimiyya ta Najeriya daga Ibadan aka kawo shi can. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sashen ya shiga cikinta, kuma yana nan har yau, inda ɗalibi kan ƙware a zanen fenti ko a sassaƙa.

Malaman farko yawancinsu Turawan Ingila ne, kuma tsarin makarantun Landan suke bi. Cikin ƴan Najeriya ƙalilan da suka koyar a lokacin akwai wata mace, Clara Ugbodaga-Ngu. A 1958 wasu ɗalibai suka kafa ƙungiya, wadda daga baya aka yi wa laƙabi da ƴan tawayen Zariya. Cikinsu akwai Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Ƙorafinsu shi ne ana koya musu dabarun Turai, amma ba a ce musu komai a kan zanen iyayensu. Ra'ayin da Okeke ya gabatar a 1960 shi ne a riƙe dabarar da aka koya a aji, a kuma koma gida a ɗauko abin zanawa da salon zana shi.

Ƙungiyar ta watse a 1961, amma ƴaƴanta sun yi nisa. Okeke ya shugabanci sashen zane a jami'ar Nsukka, inda ya raya uli, wato adon jiki da na bango na matan Ibo. Grillo ya daɗe yana jagorantar sashen zane a kwalejin Yaba ta Legas. Nwoko ya koma zanen gine-gine, har aka ba shi babbar lambar yabo ta bikin Venis na Italiya a 2023. A Zariya kanta, Gani Odutokun, wanda ya rasu a hatsarin mota a 1995, da Jerry Buhari sun horar da ɗalibai masu yawa a zanen fenti.

Irin wannan muhawara an yi ta a Dakar zamanin Shugaba Senghor. Iba N'Diaye yana ganin dole ɗalibi ya ƙware a ƙa'idojin zane tukuna, Papa Ibra Tall kuma yana tsoron yawan ƙa'ida ya kashe baiwar yaro.

A nan gida Nijar

A Yamai, Jami'ar Abdou Moumouni tana da sashen fasaha da al'adu. Amma mazana da yawa a ƙasar nan a hannun wani gwani suka koya, ko a tarukan horo na cibiyoyin al'adu irin su Oumarou Ganda. Rissa Ixa, Buzu ɗan yankin Inates, yana cikin waɗanda sunansu ya fita waje da zanen rayuwar makiyaya.

Abin zanawa kuwa ba mu rasa shi ba. Akwai adon fuskar gidajen unguwar Birni a Damagaram, da dagi, da zayyanar Alƙur'ani, da aikin aska takwas a babbar riga, da sassaƙar ƙwarya, da adon dukawa a kan fata. Wannan yana da amfani ga iyayen da ke ɗari-ɗari da zanen abu mai rai saboda addini: fagen yana da faɗi, kuma akwai masu rayuwa da zayyanar rubutu, adon yadi da zanen filaye kawai. Sai dai ya kamata a sani cewa zana siffar mutum yana cikin darussan shekarun farko a yawancin makarantu, gara a tambaya kafin a yi rajista.

Abin da ɗalibi zai tanada

Mai son wannan karatu yana buƙatar bakaloriya, kuma in Zariya ya nufa sai ya ƙara da Ingilishi da neman daidaita takardunsa da na Najeriya. Kayan aiki ma suna cin kuɗi, domin fenti da burushi da ƙyalle galibi ɗalibi ne ke saya. Bayan kammalawa, ƙalilan ne ke rayuwa da sayar da zane kaɗai. Saura suna koyarwa, ko zana hotunan littattafan makaranta da fastocin faɗakarwa, ko aikin talla da kwamfuta.

Shirin farko bai wuce littafi mara layi da fensir ba. Yaro ya riƙa zana abin da ke gabansa kullum, raƙumi a kasuwa ko rumbu a bayan gida, ya sa kwanan wata, ya adana. Irin wannan tarin aiki shi malamin zane ke fara dubawa in yana son sanin inda ɗalibi ya kai.