Ƙanƙarar Firij da Tarihin Masu Gyaransa

Tun da firij ya shiga gidajen mutane ƙanƙara take ba shi wahala, alhali don ita ake sayensa. Duk buɗe ƙofa sai iskar ɗaki ta shiga da laimarta, laimar ta sauka a kan bututun da ya fi ko'ina sanyi ta daskare. Yau kaɗan gobe kaɗan, har ta lulluɓe bututun, sanyi ya rasa hanyar fita. Firij ɗin da kamfanin General Electric ya fitar a Amurka a 1927, mai inji a ka, yana da wannan lalura, haka ma waɗanda suka biyo shi. Maganinta a wancan zamani shi ne uwargida ta kashe shi, ta kwashe kaya, ta sa tukunyar ruwan zafi a ciki ta jira.

Mu nan, kafin lantarki ya kai garuruwa da yawa, na kananzir aka fi sani, a kantuna da ɗakunan shan magani inda ake adana allurar rigakafi. Wasu ɗalibai biyu ne suka ƙirƙiro dabararsa a Suwidin a 1922, kamfanin Electrolux ya yaɗa shi a duniya. Maigidan da na koyi aiki a hannunsa a Kano da shi ya fara. Ya kan ce gyaransa duka bai wuce lagwani ba: a datse shi har harshen wuta ya yi shuɗi, a share bututun hayaƙi, a tabbata firij ɗin bai karkace ba.

Da na lantarki mai ƙofa ɗaya ya yawaita, sai wuƙa ta shigo cikin tarihin. Akwatin ƙanƙararsa na goran-ruwa ne, bututun gas kuma a cikin jikinsa yake, ba kauri. Mai zoɓo tana sauri, ƙullinta ya maƙale, ta ɗauko wuƙa ta sa. Sai a ji "fss", gas ya tafi. Mun liƙe irin wannan huji ba adadi, muka ɗura gas, aka biya mu aka yi godiya. Daga nan ne "gas ya ƙare" ta zauna a bakin mutane, kuma a lokacin gaskiya ce galibi. Amma firij ba ya shan gas yadda mota ke shan mai. In babu huji, gas ɗin da aka zuba masa a masana'anta yana nan har ya tsufa.

A Amurka kuwa, tun shekarun 1950 aka fara sayar da firij mai narkar da ƙanƙararsa da kansa. An ɓoye bututun sanyi a bayan wani marfi a cikin firiza, aka sa fanka tana hura sanyin sama da ƙasa. A ƙarƙashin bututun akwai hita. Taima tana ƙirga aikin kwamfireso, bayan kamar awa shida zuwa goma sha biyu sai ta tsayar da shi ta kunna hitar na mintuna ashirin ko talatin. Wani ɗan ƙarfe mai jin zafi, wanda aka maƙala a jikin bututun, shi ke yanke wutar in ƙanƙara ta narke. Ruwan ya bi wata kafa ya sauka cikin faranti a kan kwamfireso, zafin injin ya busar da shi.

Irin wannan firij ya iso mana da yawa ne cikin kayan hannu da sababbin da suka biyo baya, ya kuma tarar da masu gyara da suka saba da ciwo ɗaya. Ciwonsa daban ne. In hita ta ƙone, ko taima ta tsaya, ko fis ya yanke, ƙanƙara za ta taru a bayan marfi inda ba a ganinta. Firiza na nan da ɗan sanyinsa, ƙasa kuwa miya na lalacewa, wani lokaci a ji fanka tana karta. Da damina abin ya fi sauri, don iska ta fi laima.

Abin da ya daɗe yana ci mini rai shi ne yadda ɗauke wuta ya rufa wa aikin banza asiri. A kawo firij shago, ya kwana ya wuni a kashe, ƙanƙarar ta narke da kanta. Mai gyara ya yanke bututu, ya zubar da lafiyayyen gas, ya ɗura sabo. A kunna, sanyi ya dawo, kowa ya ce gwani ne. Bayan mako guda ko biyu Hajiya ta dawo da kuka ɗaya, a ce mata gas ɗin ne ya sake zurarewa. A gidajen da wutar Nepa ke zuwa jefi-jefi ma, hita kan mutu shekara guda ba wanda ya sani, don ɗaukewar wutar ke yi mata aikinta.

Binciken kuwa ba wuya. A zare wuta, a kwance marfin, in bututu ya yi fari fat da ƙanƙara daga sama har ƙasa, gas lafiya lau yake. A narkar da ruwan ɗumi, a gwada hita da fis da mita. Ɗan ƙarfen nan sai yana da sanyi ake gwada shi, in ya ɗumama dole ya nuna a yanke. Taima kuma, a mayar da wuta a juya ta a hankali da sukundireba har ta ce "ƙas": kwamfireso ya tsaya, hita ta ɗau zafi. In ruwa ke kwanciya a ƙasan firij, kafar ruwan ce ta toshe.

Zubar da gas ma yanzu ba abin wasa ba ne. Tsohon R12 an yi yarjejeniyar daina shi a Montreal a 1987 saboda yana ɓata sararin sama, R600a da ke cikin yawancin sababbi kuwa yana kama wuta, ga mu da wutar walda a hannu.

Sola da inbata sun kawo wutar da ba ta ɗaukewa, ciwon da ya ɓuya ya fito fili. Sababbin firij da yawa kuma ba su da taimar da za a juya, allon lantarki ne da 'yan na'urori masu auna sanyi. Shi ya sa yaron da aka kawo mini koyo, ba na barinsa ya taɓa tukunyar gas sai ya iya karanta mita.