Daga sawun raƙumi zuwa Sherlock Holmes

A 1887 Arthur Conan Doyle ya fito da Sherlock Holmes, ɗan binciken nan na Landan da ya dubi Dakta Watson sau ɗaya ya gane daga Afganistan yake. Amma dabarar ta girme shi nesa ba kusa ba.

Tun a ƙarni na 10, al-Mas'udi ya kawo labarin ƴaƴan Nizar huɗu da suka siffanta ɓataccen raƙumin da ba su taɓa gani ba. Ciyawar gefe guda ya ci, suka ce ido ɗaya gare shi. Kashinsa a tare yake, suka ce ba shi da wutsiya. Voltaire ya sake ɗinka irin labarin cikin Zadig a 1747, da doki da karya.

Harshe ma shaida ne. Kalmar bincike ta Faransanci, "investigation", daga sawun ƙafa take a Latin. Mu kuwa "bin diddigi" muke cewa.

To, makiyayin Tanut ko Balbeji da ke karanta rairayi ya gano inda dabbarsa ta nufa, sana'ar Holmes yake yi. Saura mu rubuta iliminsa kafin tsofaffin Damargu su tafi da shi.