Hanyar Hippo

Hanyar Hippo tsari ne na isar da saƙo a cikin ƙwayoyin halitta wanda yake kula da girman gaɓoɓin jikin dabbobi. Aikinta shi ne taka wa ƙwayoyin halitta birki idan gaɓa ta kai girman da ya kamata: tana hana su ci gaba da rabuwa, tana kuma buɗe hanyar mutuwar waɗanda suka yi yawa. Idan ta lalace, nama yakan yi ta girma ba tsayawa, shi ya sa ake lissafa ta cikin hanyoyin da suke kare jiki daga ƙari da ciwon daji. An fara gano ta a jikin ƙudan 'ya'yan itace mai suna Drosophila melanogaster, daga baya aka tabbatar akwai irinta a jikin ɓera da ɗan Adam.

Asalin suna

Hippo gajeren sunan dorina ne a Turanci. Masu bincike sun lura cewa idan aka lalata wannan ƙwayar gado a kan ƙuda, kan yakan kumbura, fatarsa ta yi ninki-ninki kamar ta dorina. Sanya wa ƙwayar gado suna bisa kamannin ƙudan da ya rasa ta tsohuwar al'ada ce ga masu nazarin Drosophila. Haka aka yi wa Yorkie, wadda aka raɗa wa sunan wani ƙaramin kare na ƙasar Ingila, domin rashinta yana sa nama ya tsumbure.

Tarihin bincike

A shekarar 1995 ƙungiyoyi biyu a Amurka, ta Peter Bryant da ta Tian Xu, kowacce a nata ɓangaren, suka gano ƙwayar gado ta farko a wannan hanya. Ɗaya ta kira ta Warts, ɗayar kuma Lats. Dabarar da aka bi ita ce lalata ƙwayar gado a wani ɗan yanki na jikin ƙuda kawai, domin da an lalata ta a duk jiki ƙudan zai mutu tun yana tsutsa, ba a ga sakamakon ba.

A 2002 aka gano Salvador. A 2003 ɗakunan bincike da dama, ciki har da na Duojia Pan da Georg Halder da Iswar Hariharan, suka wallafa bayanin Hippo kanta, suka nuna tana aiki tare da Salvador da Warts. An ƙara Mats a 2005, kuma a wannan shekarar ɗakin binciken Pan ya gano Yorkie, furotin ɗin da dukan hanyar take nufin dannewa. Takwaran Yorkie a jikin dabbobi masu shayarwa shi ne YAP, wanda Marius Sudol ya bayyana tun 1994, kafin a san yana da alaƙa da girman gaɓoɓi.

A 2007 aka gwada abin a jikin ɓera. Da aka ƙara yawan YAP a hanta, sai ta ninka girmanta kusan sau huɗu zuwa biyar cikin 'yan makonni. Da aka dakatar da ƙarin, ta koma kusan yadda take, amma da aka bar shi ya daɗe, ciwon daji ya fito. Wannan gwaji ya nuna cewa abin da aka gani a ƙuda ya shafi dabbobi masu shayarwa.

Yadda take aiki

Ginshiƙin hanyar wasu furotin ne da ake kira kinas, masu manna wa wani furotin sinadarin fosfet domin su kunna shi ko su kashe shi. A jikin ɗan Adam, MST1 da MST2 su ne takwarorin Hippo, suna aiki da mataimakinsu SAV1. Su ne suke kunna LATS1 da LATS2, takwarorin Warts, waɗanda MOB1 yake taimaka wa. LATS kuma ita take manna fosfet a jikin YAP da ɗan'uwansa TAZ.

Idan fosfet ya hau kan YAP, wani furotin mai suna 14-3-3 yakan riƙe shi a wajen cibiyar ƙwayar halitta, ko kuma a tura shi inda za a rushe shi. A wannan yanayi ana cewa hanyar tana kunne, girma kuma ya tsaya. Idan hanyar ta mutu, YAP da TAZ sukan shiga cibiya, inda DNA yake. Ba sa iya kama DNA da kansu, sai sun haɗu da furotin na dangin TEAD, wanda a ƙuda ake kira Scalloped. Haɗuwar ce take kunna ƙwayoyin gado masu sa rabuwa da masu hana mutuwa, irin su Cyclin E da diap1 a ƙuda, da CTGF da CYR61 a ɗan Adam.

Abubuwan da suke juya ta

Hanyoyin saƙo da yawa suna jiran sinadari guda ne daga waje kafin su motsa. Hippo tana karɓar labari daga wurare daban-daban.

Na farko shi ne cunkoso. Ƙwayoyin halitta masu lafiya da aka raina a faranti sukan daina rabuwa da zarar sun cika wurin suna taɓa juna. Ɗakin binciken Kun-Liang Guan ya nuna a 2007 cewa cunkoson yana fitar da YAP daga cibiya. Ƙwayoyin ciwon daji sukan rasa wannan ɗabi'a, su riƙa hawa kan juna.

Na biyu shi ne tauri ko laushin abin da ƙwayar take zaune a kai. A 2011 ƙungiyar Stefano Piccolo ta Jami'ar Padua a Italiya ta nuna cewa a kan abu mai tauri ƙwaya takan baje, YAP da TAZ su shiga cibiya, a kan abu mai laushi kuwa sukan tsaya a waje.

Na uku shi ne sinadaran da suke yawo cikin jini, kamar LPA da S1P, waɗanda aka nuna a 2012 cewa suna kunna YAP ta hanyar masu karɓar saƙo na fatar ƙwaya. Akwai kuma furotin da suke zaune kusa da fatar ƙwayar, irin su Merlin da Expanded da Kibra, masu taimakawa wajen kunna hanyar.

Alaƙa da ciwon daji

Ana samun YAP ko TAZ da yawa a cibiyar ƙwayoyin ciwon daji na hanta, huhu, mama, hanji da wasu gaɓoɓin. Duk da haka, ba kasafai ake samun lahani a ƙwayoyin gado na ginshiƙin hanyar ba a waɗannan cututtuka, sau da yawa wasu hanyoyin ne da suka lalace suke sakin YAP.

Akwai inda lahanin yake kai tsaye. Ƙwayar gado ta NF2, wadda take kan kuromosom na 22 kuma aka gano ta a 1993, ita take samar da Merlin. Wanda ya gaji NF2 mai lahani yakan yi ƙari a jijiyoyin ji na kunnuwa biyu, abin da kan kai ga kurumta. Ana kuma yawan samun lalacewar NF2 da LATS2 a mesothelioma, ciwon dajin tantanin da ya lulluɓe huhu, wanda shaƙar ƙurar asbestos yake jawowa. A wani ciwon daji na hanyoyin jini da ba a cika gani ba, ƙwayar gadon TAZ takan manne da wata mai suna CAMTA1, su haifar da furotin da hanyar Hippo ba ta iya danne shi yadda ya kamata.

Neman magani

A 2012 aka gano cewa verteporfin, maganin da likitocin ido suka daɗe suna amfani da shi, yana hana YAP haɗuwa da TEAD a gwajin ɓeraye. A 2016 aka gano wani rami a jikin TEAD da wani nau'in kitse yake shiga, sai kamfanonin magunguna suka fara ƙera sinadaran da za su toshe shi. Wasunsu, kamar VT3989, sun kai matakin gwaji a jikin masu mesothelioma.

Wasu masu binciken kuma akasin haka suke nema, wato sassauta birkin na ɗan lokaci domin nama ya farfaɗo. Tsokar zuciyar babban mutum ba ta cika sabuntawa ba bayan ta lalace. Ƙungiyar James Martin a birnin Houston ta ruwaito a 2017 cewa cire Salvador daga zuciyar ɓerayen da suka kamu da gazawar zuciya ya sa sabuwar tsoka ta tsiro, bugun ya inganta. A Jami'ar Xiamen ta ƙasar Sin an haɗa sinadarin XMU-MP-1 mai danne MST1 da MST2, wanda ya hanzarta warkewar hanta da hanjin ɓeraye a 2016.

Wahalar ita ce YAP ɗin da yake warkar da rauni shi ne kuma yake ciyar da ƙari. Maganin da ya danne shi da yawa zai iya taɓa gaɓoɓi masu lafiya, kuma an ga alamun illa ga ƙoda a gwajin magungunan TEAD. Wanda ya sake shi na tsawon lokaci kuwa zai iya jawo ciwon daji, kamar yadda ya faru a hantar ɓeraye. Saboda haka binciken yanzu ya fi karkata ga yawan maganin da za a bayar, da tsawon lokacin, da yadda za a kai shi gaɓar da ake nufi ita kaɗai.